Karnuka Marasa Gashi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamanninsu da Yadda Ake Kula da Su

Mutumin da ya fara ganin kare marar gashi yakan ja da baya, domin abin da ke fara zuwa zuciyarsa shi ne wata cuta ce ta cinye gashin dabbar. Wanda ya riga ya san cewa halitta ce kuwa, sau da yawa yakan faɗa wani kuskuren na daban, ya ɗauka cewa tunda babu gashin da za a taje ko a share daga kan kujera, to babu wata ɗawainiya. Gashin kare yana yi masa aikin inuwa, da na bargo, da na sulke a lokaci guda, kuma duk wanda ya ɗauki karen da ba shi da gashi ya ɗauki nauyin waɗannan ayyuka uku ke nan har ƙarshen rayuwar dabbar.

Ta yaya ake bambanta kare marar gashi na asali da wanda cuta ta zubar masa da gashi?

Abu na farko da ake dubawa shi ne fatar kanta. Karen da ƙazuwa ko makero ya kama, gashinsa yakan zube wuri-wuri, fatar ta yi ja ko ta yi ɓawo da kaushi, wani lokaci har da wari, kuma galibi za a gan shi yana susa ba dare ba rana. Kare marar gashi na asali kuwa fatarsa tana da laushi da santsi, launinta a shimfiɗe yake ko da dabbare-dabbare ne, kuma ba ya fama da ƙaiƙayi idan yana cikin ƙoshin lafiya. Abu na biyu shi ne tarihin karen. Na asali a haka aka haife shi, ko kuma ya zubar da gashin jariri tun yana ɗan kwikwiyo na makonni kaɗan. Karen da aka san shi da gashi, sannan ya fara rasa shi bayan ya girma, ba ya cikin waɗannan nau'o'i, kuma wajibi ne a kai shi wurin likitan dabbobi, domin akwai cututtukan cikin jiki da ke zubar da gashi ba tare da wani ƙaiƙayi ba.

Nau'i nawa ne, kuma wanne ne ya fi daɗewa?

Nau'i huɗu ne suka shahara, kuma kowannensu yana da ƙa'idojin kamanni a rubuce a wajen ƙungiyoyin da ke rajistar karnuka: na Meziko, da na Peru, da mai tukku da ake dangantawa da ƙasar Sin, da kuma teriyan Amurka, wanda ya fito daga dangin ƙananan karnuka masu kama ɓera. Bayan su akwai wasu da ba su yaɗu ba, irin su Pila na Ajantina, da Khala na Bolibiya, da wani a Ikwado.

Na Meziko shi ne ya fi kowanne dogon tarihi a rubuce. Cikakken sunansa Xoloitzcuintli, ana furta shi kamar "sholo-its-kwintli", kuma masu kiwonsa sukan taƙaita shi su ce Sholo. Sunan ya fito ne daga harshen Nahuatl na mutanen Aztek, inda aka haɗa sunan wani abin bautarsu, Xolotl, da kalmar da ke nufin kare. A imaninsu, wannan kare ne ke raka ran mamaci a tafiyarsa ta bayan mutuwa, kuma a tsofaffin kaburburan yankin Colima da ke yammacin Meziko an tono gumakan yumɓu na karnuka masu kama da shi, waɗanda suka kai kimanin shekara 2000. Bayan zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16 yawansa ya yi ta raguwa, har ya kasance sai a ƙauyuka masu nisa ake samunsa. A 1954 wata tawaga ƙarƙashin Norman Pelham Wright ta shiga karkara neman ragowarsa, kuma daga karnukan da aka samo aka sake gina irin, har ƙungiyar karnuka ta Meziko ta amince da shi a 1956. A Amurka an fara rajistarsa tun 1887, aka cire shi daga rajista a 1959 saboda ƙarancinsa, sannan aka mayar da shi a 2011. Masu zanen nan Frida Kahlo da Diego Rivera sun yi kiwonsa a gidansu, kuma a 2016 birnin Meziko ya ayyana shi a matsayin kayan gadonsa.

Sholo kare ne mai ƙirar ƙarfi, da faffaɗan ƙirji, da dogon wuya, da manyan kunnuwa a tsaye kamar na jemage, kuma goshinsa yakan yi tamoji idan ya mayar da hankali kan wani abu. Yana zuwa a girma uku: ƙarami mai tsayin santimita 25 zuwa 35 daga ƙasa zuwa kafaɗa, matsakaici mai 36 zuwa 45, da babba mai 46 zuwa 60. Launinsa yawanci baƙi ne, ko toka-toka mai duhu, ko ruwan tagulla, kuma ba abin mamaki ba ne a ga 'yan gajerun gashi masu tauri a tsakiyar kansa, da ƙarshen jelarsa, da saman yatsunsa.

Mene ne bambancin karen Peru da Sholo?

Wanda bai saba da su ba zai iya ɗaukarsu abu guda, amma idan aka jera su za a ga na Peru ya fi siranta, ƙafafunsa sun fi tsawo, cikinsa ya fi lafewa, ƙirarsa ta karnukan gudu ce. Shi ma girma uku gare shi, daga santimita 25 har zuwa 65, kuma an fi samun masu dabbare-dabbaren ruwan hoda a cikinsu. Mutanen ƙasar suna kiransa viringo, wasu kuma su ce calato, wato tsirara. Siffarsa ta bayyana a kan tukwanen al'ummomin Moche, da Chimu, da Chancay, waɗanda suka rayu a gaɓar tekun Peru kafin daular Inka ta mamaye yankin, don haka sunan "furen Inka" da Amurkawa suka laƙaba masa bai yi daidai da tarihinsa ba. Ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, ta amince da shi a 1985, a 2001 kuma gwamnatin Peru ta yi doka da ta mayar da shi kayan gadon ƙasa, abin da ya sa masu ziyartar wuraren tarihi na gaɓar teku, irin su Huaca Pucllana a birnin Lima, suke tarar da shi yana zaune a can.

Shin mai tukkun nan da gaske daga ƙasar Sin ya fito?

Sunan da Turawa suka ba shi, Chinese Crested, yana nufin mai tukku na Sin, kuma labarin da aka saba bayarwa shi ne matuƙan jiragen ruwa na Sin ne ke yawo da shi domin kama ɓeraye. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa canjin da ya hana shi gashi shi ne dai wanda ke jikin Sholo da karen Peru, abin da ke nuna cewa tushen ukun guda ne. Irin da ake gani a yau kuwa masu kiwo a Amurka da Ingila ne suka gina shi a ƙarni na 20, kuma babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, ta amince da shi a 1991.

Ɗan ƙaramin kare ne, tsayinsa bai cika wuce santimita 33 ba, nauyinsa kuma ƙasa da kilo 6. Jikinsa tsirara ne amma yana da dogon gashi mai laushi a kansa, da jelarsa, da ƙasan ƙafafunsa kamar wanda ya sa safa, har wasu kan kwatanta shi da ɗan ƙaramin doki. A ciki ɗaya akan haifi 'yan'uwansa masu cikakken gashi dogo, waɗanda ake kira Powderpuff. Akwai kuma na tsakatsaki, masu ƙwayar rashin gashi amma gashi ya fito musu da yawa a baya da cinyoyi, kuma irin waɗannan sai an riƙa yi musu aski kafin su yi kama da hotunan da ake gani a intanet. Ya kamata mai saye ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗinsa.

Me ya sa ake cewa teriyan Amurka daban yake da sauran?

Domin asalinsa sabo ne kuma sananne, sannan dalilin rashin gashinsa ma daban ne. A 1972 aka haifi wata 'yar kwikwiyo marar gashi a cikin karnuka masu kama ɓera da ake kira Rat Terrier a jihar Luisiyana, iyalin Edwin Scott suka ɗauke ta suka sa mata suna Josephine. Sun yi shekaru suna jira kafin a 1981 ta haifi namiji da mace marasa gashi a ciki ɗaya, kuma daga nan irin ya samo tushe, har AKC ta amince da shi a 2016. Ana haihuwar 'yan kwikwiyonsa da wani lallausan gashi, wanda ke fara zuba daga kai zuwa baya har ya ƙare kafin su cika mako 8 zuwa 10, sai gira da gashin baki kawai su rage. Tsayinsa santimita 30 zuwa 40 ne, kuma shi kaɗai ne a cikin huɗun yake da cikakkun haƙora kamar kowane kare.

Mene ne ainihin abin da ke hana su gashi?

Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. A 2008 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan suka gano cewa Sholo, da karen Peru, da mai tukku duk suna ɗauke da wani ɗan canji a ƙwayar gado mai suna FOXI3, wadda ke da hannu wajen tsara gashi da haƙora tun ɗan tayi yana ciki. Ƙwaya ɗaya tak mai wannan canji ta isa ta sa kare ya fito ba gashi. Idan kuwa ɗan tayi ya gaji biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, ba ya rayuwa, tun a farkon ciki yake lalacewa.

Wannan shi ne ya sa duk kare marar gashi mai rai daga cikin waɗannan nau'o'i uku yake ɗauke da ƙwayar gashi a ɓoye. Idan aka haɗa marasa gashi biyu barbara, a lissafi kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tayin zai lalace, kashi biyu su fito ba gashi, kashi ɗaya kuma ya fito da cikakken gashi, wato a cikin waɗanda aka haifa da rai za a sami kusan mai gashi ɗaya a kowane uku. Idan aka haɗa marar gashi da mai gashi, rabi da rabi ake samu, kuma babu ɗan tayin da ke lalacewa. Babu wata dabarar kiwo da za ta kawar da masu gashin daga zuriyar, kuma abin takaici ne cewa a shekarun baya wasu masu kiwo sun riƙa ɓoye su ko su hallaka su, alhali jininsu ɗaya da 'yan'uwansu.

A teriyan Amurka lamarin ya juya. Canjin yana cikin wata ƙwaya ce daban mai suna SGK3, kuma sai ɗan kwikwiyo ya gaji biyu kafin ya rasa gashi, ba tare da hakan ya cutar da shi ba. Saboda haka idan aka haɗa marasa gashi biyu na wannan iri, duk 'ya'yan marasa gashi ne.

Da gaske ne haƙoransu ba su cika ba?

Gaskiya ne ga nau'o'i ukun farko, kuma an daɗe da lura da hakan, domin tun a 1859 Charles Darwin ya ambaci cewa karnuka marasa gashi suna da naƙasar haƙora. Babban kare mai lafiya yana da haƙori 42, amma marar gashi yakan rasa da yawa daga ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, wani lokaci har da na gaba. Waɗanda suka fito ɗin ma sukan zo ƙanana da gajerun saiwoyi, fiƙoƙin kuma su karkata gaba kamar haure, shi ya sa ake yawan ganin tsohon mai tukku harshensa na leƙowa ta gefen baki. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka giɓi a bakin irin wannan kare ba dalilin tayar da hankali ba ne, kuma yawancinsu suna cin abincinsu lafiya lau.

Abin da ke wuyan mai shi shi ne tsare ragowar haƙoran. A riƙa goge su da buroshi mai laushi sau da yawa a mako, da man goge baki na karnuka, domin na mutane yana iya ƙunsar sinadarin xylitol wanda guba ne ga kare. A guji ba shi ƙashi mai tauri da zai iya karya haƙori marar ƙarfin saiwa, kuma a sa likita ya duba dasashinsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Me ya sa jikinsu yake da zafi idan an taɓa shi?

Zafin jikinsu daidai yake da na kowane kare, wato tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Selsiyos, wanda dama ya ɗara na ɗan Adam kaɗan. A jikin mai gashi, gashin ne ke tare hannu daga jin wannan ɗumi, a nan kuwa babu shamaki. Mutanen karkarar Meziko da Peru sun daɗe suna kwanciya da su domin rage raɗaɗin sanyin ƙashi, kuma ɗumin yana iya kawo sauƙi kamar yadda gasa wuri da ruwan ɗumi ke yi, amma ba ya warkar da ciwon.

Yaya ake kula da fatarsu?

A nan ne mafi yawan sababbin masu kiwo suke yin kuskure, kuma kuskuren nasu na wuce gona da iri ne. Fatar tana fitar da maiƙonta na halitta, amma da yake babu gashin da zai kwashe shi, sai ya haɗu da ƙura ya toshe ƙofofin fata, ya zama baƙaƙen ɗigo ko ƙuraje, musamman a baya, da wuya, da cinyoyi. Wanda ya ga haka sai ya ƙara yawan wanka, fatar ta bushe ta fara tsagewa, sai ya lafta mata mai, ƙofofin su ƙara toshewa. Wanka sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun karnuka marar ƙarfi, ya wadatar ga yawancinsu, a tsakani kuma a riƙa shafe jikin da tsumma mai laushi da aka jiƙa. Bayan wanka a tsane shi sosai, sannan a shafa mai ɗan kaɗan, marar turare, a wuraren da suka bushe kawai, a tuna cewa duk abin da aka shafa masa zai lashe shi.

Ƙurajen sun fi yawa a lokacin tasowa, daga wata shida zuwa shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma sukan ragu da kansu idan kare ya girma. Kada a matse su da farce, domin hakan yana barin tabo kuma yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Idan suka yi ja, suka tara mugunya, ko suka fara yaɗuwa, aikin likita ne. Shimfiɗarsa ma tana da muhimmanci: ta kasance mai laushi domin kada gwiwoyinsa su yi kanta, kuma a riƙa wanke ta akai-akai, ita da duk rigar da yake sawa, tunda a kan fatarsa kai tsaye suke. Fatar Sholo ta fi kauri da juriya, ta mai tukku kuma ta fi laushi da saurin yin rauni. Ƙananan yagewa daga ƙaya ko wasa da wani kare sukan warke da wuri idan an wanke su, sai dai kowane tabo a fili yake zama.

Rana tana ƙona su?

Tana ƙona su ƙwarai, kuma a ganina wannan ne hatsarin da aka fi rainawa. Baƙar fata tana da kariyarta daidai gwargwado, har ma takan ƙara duhu a lokacin zafi ta kuma washe idan rana ta yi sauƙi, amma fata mai haske, da dabbare-dabbaren ruwan hoda, da ta 'yan kwikwiyo suna iya ƙonewa cikin ɗan lokaci. Wurin yakan yi ja, ya yi zafi, daga baya ya saɓule, kuma ƙunar da ake maimaitawa shekara da shekaru tana iya kaiwa ga kansar fata. Hanya mafi sauƙi ita ce a fitar da shi da sassafe ko da yamma, a tsare shi a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Idan fita ta zama dole a sa masa riga ta auduga marar nauyi, a shafa man kare rana da aka yi domin dabbobi a kan kunnuwa, da karan hanci, da gadon baya. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin da yawa daga irin na mutane suna ɗauke da sinadarin zinc oxide, wanda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare idan ya yi ta lasarsa. Da an dawo gida a goge man.

Rashin gashi kuma bai sa sun fi sauran karnuka jure zafi ba. Ta hanyar haki suke sanyaya jikinsu kamar kowane kare, don haka ruwan sha da inuwa wajibi ne, kuma barin su a cikin mota a rufe yana iya kashe su.

Sanyi fa?

Ba sa jure shi, kuma ba karnukan da ake bari su kwana a waje ba ne. Malamin nan ɗan Sifen, Bernardino de Sahagún, wanda ya rubuta al'adun Aztek a ƙarni na 16, ya ambaci cewa ana lulluɓe waɗannan karnuka da mayafi da daddare. Da zarar an ga kare yana karkarwa, yana ƙudundunewa, ko yana neman cusa kansa cikin bargo, to yana bukatar riga. A fi son auduga a jikin fata, domin ulu yana sa wa wasunsu ƙaiƙayi, a kuma duba hammata da wuya kada ɗinki ya goge su. Riga mai laima ta fi rashin riga illa. Da yake jikinsu yana ƙona abinci da yawa domin riƙe ɗumi, sukan ƙara ci a lokacin sanyi, amma a lura kada hakan ya zama ƙiba.

Shin ƙuma da kaska suna damunsu?

Ƙuma ba ya samun maɓoya a jikinsu, kaska kuma da ta maƙale ake ganinta, wannan sauƙi ne na gaske. Sai dai sauro da ƙudaje masu cizo suna samun fatar a buɗe, kuma sauro ne ke yaɗa tsutsar zuciya, wadda ke iya kashe kare. Saboda haka suna bukatar maganin kariya da allurar rigakafi, har da ta haukan kare, daidai da sauran karnuka. Kafin a ɗiga musu irin maganin ƙwari da ake sawa a bayan wuya a nemi shawarar likita, domin yana iya ƙona fata tsirara, kuma akwai na haɗiya da zai maye gurbinsa.

Wanda kare ke tayar masa da atishawa ko asma zai iya zama da su?

Wasu suna iyawa, wasu kuma ba sa iyawa. Abin da ke tayar da atishawa, da ƙaiƙayin ido, da borin jini wasu sinadaran furotin ne da ke cikin yawun kare da ɓarɓashin fatarsa, gashi kuwa ɗaukarsu kawai yake yi yana watsawa cikin ɗaki. Kare marar gashi yana da yawu kuma fatarsa tana ɓarɓashi, don haka babu wanda zai iya ba da tabbacin cewa ba zai tayar wa mutum da ciwo ba, ko da yake rashin zubar gashi da yawan wanka suna rage abin da ke yawo a iska. Mai wannan lalura ya zauna da ainihin karen da yake so na wasu sa'o'i, a ranaku daban-daban, kafin ya yanke shawara, mai asma kuma ya fara tuntuɓar likitansa.

Yaya halinsu yake, kuma sun dace da gida mai yara?

Halinsu ya bambanta fiye da kamanninsu. Babban Sholo natsattse ne, mai lura, ba ya yawan haushi sai da dalili, yana shaƙuwa da mutanen gidansa amma yana ɗari-ɗari da baƙo, ko da yake ɗan kwikwiyonsa yakan yi ƙiriniya har ya kai kusan shekara 2. Na Peru ya fi shi tsoron baƙi da son gudu, kuma yana bin duk ƙaramar dabbar da ta gifta. Mai tukku ɗan lele ne da ba ya son rabuwa da mai shi, yana shiga damuwa idan aka bar shi shi kaɗai tsawon yini, kuma tsawa tana karya masa zuciya. Teriyan Amurka kuwa bai bar halin kakanninsa ba, ga kuzari, ga tono, ga bin ɓera, sai dai bai dace a shiga daji farauta da shi ba saboda fatarsa. Dukansu suna bukatar tafiya kullum, da kuma a saba musu da mutane, da ƙararraki, da sauran dabbobi tun cikin watanni 3 zuwa 4 na farko. Suna zama da yaran da aka koya wa riƙe dabba a hankali, amma ƙananan cikinsu ƙasusuwansu sirara ne, faɗuwa daga hannun yaro tana iya karya musu ƙafa.

Shekara nawa suke yi, kuma waɗanne cututtuka ne aka san su da su?

Shekara 12 zuwa 16 ba abin mamaki ba ne a wajensu, wasu ƙananan ma sukan zarce haka. Sholo da na Peru suna cikin karnuka masu ƙarancin cututtukan gado idan aka ɗebe batun fata da haƙora. Mai tukku shi ne aka fi sani da ciwon ido na gado, wanda ke sa madubin ido ya goce daga mazauninsa ko gani ya yi ta raguwa har ya kai ga makanta, da kuma gocewar ƙoƙon gwiwa, wadda ke samun ƙananan karnuka da yawa, har da teriyan Amurka.

Me ya kamata a duba kafin a karɓi ɗan kwikwiyo?

Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, kuma a nemi ganin uwar da sauran 'yan'uwansa a inda suke zaune. A shafa fatarsa a ji ko tana da laushi ba tare da ɓawo ko gyambo ba, a buɗe bakinsa, a duba idanunsa da kunnuwansa, a karɓi katin rigakafinsa. Idan mai tukku ne, a tambayi sakamakon gwajin cututtukan ido da aka yi wa iyayen, a kuma tambaya kai tsaye ko an yi masa aski kafin a nuna shi. Mai kiwon Sholo, ko na Peru, ko mai tukku da ya ce karnukansa ba su taɓa haihuwar mai gashi ba, maganarsa ta saɓa wa yadda gadon yake aiki, kuma ya dace a yi taka-tsantsan da sauran abin da zai faɗa. Wanda halin waɗannan karnuka ya burge shi amma ba shi da lokacin wanka, da shafa mai, da sa riga, da kiyaye rana, ya tambayi mai kiwon ɗaya daga cikin 'yan'uwan masu gashi, domin halinsu ɗaya ne kuma haƙoransu 42 cif.